Da wane mudu muke auna mutum?



Akwai wata tambaya da duk wanda ya gama lakkwal a ƙasar nan ya san nauyinta. A wurin suna ko ɗaurin aure, bayan an gaisa, sai wani babba ya dube ka ya ce: "To, ina ake aiki yanzu?" In ka ce kana garka, ko kana ɗinki, ko kana bin wani magini kana koyo, sai ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce: "Allah shi kawo aiki." Ka ji fa. Abin da kake yi tun hantsi har almuru, wanda da shi kake ci, bai shiga lissafi ba. Aiki a wurinmu shi ne biro mai sanyi da albashin ƙarshen wata. Sauran duk "kafin a samu" ne.

Ni ma ina da takardar jami'a, don haka ba daga nesa nake maganar nan ba. Abin da nake so mu duba yau shi ne mudun da muke auna mutum da shi, domin yana cutar mu fiye da yadda muke zato. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna yaye ɗalibai kowace shekara, kuma babu gwamnatin da za ta iya ba kowa kujera, ta soja ce ko ta farar hula. In muka ci gaba da cewa mai kujera kaɗai ne mutum, to mun yanke wa mafi yawanmu hukuncin zama ba kowa ba tun kafin su fara rayuwa. Daga nan ake samun saurayin da zai share shekara biyar a fada yana jiran a kafa sunaye, shayi na bin shayi. Daga nan kuma ake samun wanda zai sayar da gonar gado ya hau motar Agadas, don gara masa hamada da a riƙa yi masa kallon wanda bai zama komai ba.

Zan kawo misali biyu daga ƙasarmu, ɗaya na gona, ɗaya na gini. Mutanen da suka yi su ba su da biro, kuma duniya ta zo har gida ta koya daga wurinsu.

Na farko shi ne gawo. Duk wanda ya bi hanyar Mirya, Matamai ko Magarya ya ga gonakin da gawo ya cika su. Itace ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowane itace ke yin kore, shi sai ya zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, sai ya yi ganye, ya ba da inuwa, ƴaƴansa su zama abincin bisashe. Dabbobin da suka kwanta a ƙarƙashinsa su ƙara wa ƙasar taki. Shi ya sa kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, wanda ya sare gawo hukuncinsa mai tsanani ne ƙwarai.

Amma itatuwan nan da muke gani yau ba haka iyayenmu suka gaje su ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, yawancin gonakin Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal. Iska na kwashe ƙasa, rairayi na binne shuka, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda. Doka kuma ta ce itace na gwamnati ne. Ko a gonarka ya fito, in jami'in gandun daji ya kama ka kana yanke reshe, tara ce. To wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba, wanda ma zai iya jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa share duk wani toho tun yana ƙarami. An kashe kuɗi masu yawa wajen renon itatuwa a leda ana dasawa, mafi yawansu ba su ga damina ta biyu ba.

A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa. Waɗannan ƙananan tsirrai da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, kuma saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa sabo ba. Manomi ya zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ya yanke sauran, ya kare su daga awaki da gatari. Saiwar da ta riga ta kai ga laima ita za ta yi sauran aikin. Wannan shi ake kira sassabin zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon cimaka, mutane suka karɓa. Da rabon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare itatuwan. Wasu kuwa suka bar nasu, ba mai biyansu, maƙwabta na yi musu dariya wai gonarsu ta yi datti kamar ta malalaci.

Waɗannan da aka yi wa dariya su suka canza fuskar kudancin Nijar. Maƙwabci ya ga matar wane ta daina tafiyar rabin yini neman itacen girki, ya ga iska ba ta binne masa shuka, shi ma ya bar nasa. Daga gona zuwa gona, daga gari zuwa gari, a kasuwa ake ba juna labari. Hannun jami'an daji ya yi sassauci, dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwar cewa abin da ya rena zai amfane shi. Bayan shekara ashirin, masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekara guda da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ramukan zai, waɗanda mutanen Tawa ke kira tassa. Sun cancanta. Amma itatuwa miliyan 200 hannun mutum ɗaya bai rene su ba. Dubban manoma ne, maza da mata, da lauje da wuƙa, waɗanda babu wanda ya rubuta sunansu. Su ne kuma in suka shigo birni muke kira "ƴan ƙauye".

Misali na biyu yana jihar Tawa, a garin Yaama. A 1962 mutanen garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga wani ɗan garin, Falke Barmu, magini kuma manomi. Kowa ya kawo abin da yake iyawa: wani ya yi tubali, wata ta ɗebo ruwa, wani ya kawo itace. Da farko gini ne mai sauƙi. A 1975 Falke ya sake rufin, ya ɗora shi a kan bakan gizo, ya yi masa tulluwa. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da ƴar uwarta. Shekara ashirin ke nan mutum yana komawa kan aiki guda, yana gyarawa, yana ƙarawa. A 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gine-gine a duniya. Ƙasa ce da ruwa da itace, da idon mutumin da ya san abin da yake yi.

Ku tsaya kan hasumiyoyin nan huɗu. Babu wanda ya tilasta wa Falke ya bambanta su. Da ya yi su iri ɗaya, masallaci zai tsaya, salla za ta yiwu, aikin ma zai fi sauri. Ya bambanta su ne don yana son abin ya yi kyau. Wannan shi ne fasaha, kuma ba a gidan tarihi kaɗai take ba. Tana jikin zanen ƙofofin unguwar Birni a Damagaram, tana kan tulun Mirya, tana cikin ɗinkin da baduku zai yi a bayan jaka inda mai saye ba zai taɓa dubawa ba. Mutumin da ya ƙara wannan ɗan abin da ba a biya shi ba, yana gaya maka ne cewa shi ba injin neman kuɗi ba ne. Aikinsa sunansa ne, ba zai bari ya fita hannunsa da muni ba.

Me ya haɗa manomin Matamai da maginin Yaama? Hali. Na farko haƙuri, irin na mai aiki, wanda ya bambanta da haƙurin zaman jira da ake yawan ba mu. Wanda ya bar tohon gawo ya san sai bayan shekaru zai sha inuwarsa. Na biyu jure dariyar mutane, wanda a ganina ya fi jure yunwa wuya ga ɗan zamaninmu, tunda mu kullum idonmu na kan wa ya danna mana "so", wa ya yi shiru. Na uku kuma kula. Ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin ruwa ya sauka. Itace yana son a yi masa aski kowace shekara. Ba aikin rana ɗaya ba ne da za a ɗauki hoto a watse. Kowace ranar 3 ga Agusta muna ganin manya da ƙanana suna dasa itace gaban kyamara. A koma wurin a watan Afrilu a ƙidaya nawa suka rayu. A nan ake gane wanda ya dasa don itace da wanda ya dasa don hoto.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce: "Kai ɗan boko, kana riƙe da babbar waya kana yabon talauci. Gawo ya hana yunwa ne?" Bai hana ba. Yankin Kance yana cikin inda gawo ya fi yawa a ƙasar nan, kuma daga wannan yankin ne da yawa daga cikin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit a watan Oktoban 2013 suka fito, galibinsu mata da yara, a kan hanyarsu ta zuwa biɗa Aljeriya. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Itace ba ya ƙara faɗin gona, ba ya gina asibiti, ba ya sa farashin gero ya yi adalci lokacin kaka. Ginin ƙasa ma haka. Damina mai ƙarfi tana rusa gidajen talakawa kowace shekara, kuma a watan Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama. Duk wanda ya ce a koma jiya a zauna, bai san wuyar jiya ba.

Amma ku duba da kyau, wannan hujjar tawa ce, ba taku ba. Manomin da ya rayar da hekta miliyan 5 yana nan cikin talauci saboda mun ƙi biyan aikinsa daidai da darajarsa. Dillali ya saye hatsinsa da araha a watan Oktoba, ya sayar masa da shi ninki a watan Yuni. Magini na ƙasa yana ƙarewa saboda ɗansa ya ga yadda ake kallon ubansa, ya gwammace ya yi kabu-kabu. Da maginan suka yi ƙaranci, sai ginin ya lalace, sai mu ce ai dama ƙasa ba ta da ƙarko. Mu ne muka raina abin har ya mutu, sannan muka kafa hujja da mutuwarsa. A madadinsa muka rungumi bulon siminti da rufin kwano, ɗakin da a watan Afrilu da Mayu in aka ɗauke wuta ba mai iya kwana cikinsa. Kuma a ƙasar da ke da jar ƙasa ko'ina, dubban yaranmu suna karatu a azuzuwan zana. A 2021 kaɗai, gobara biyu a irin waɗannan azuzuwa, ɗaya a Yamai a watan Afrilu, ɗaya a Maraɗi a watan Nuwamba, sun ci rayukan yara fiye da 40. Raina aikin hannu ba maganar ra'ayi ba ce kawai, yana da gawarwaki.

Kuma ba ina cewa a ajiye boko ba. Ku je Dandaji, shi ma a jihar Tawa. Akwai tsohon masallacin ƙasa a can, shi ma aikin Falke Barmu, wanda ya tsufa har ana shirin rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasar nan da ta fara da aikin kwamfuta kafin ta koma ta karanta zanen gine-gine a Amurka, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gyara shi suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse da inji. Da maginan yankin aka yi aikin, aka gama a 2018, shi ma ya ci lambobin yabo a waje. Ga abin da ke faruwa in mai takarda ya zauna kusa da mai hannu yana sauraro. Shi kansa Abdu Mumuni da babbar jami'armu ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne da ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda zafin ranar da ke ƙona mu zai dafa mana ruwa ya yi mana aiki. Iliminsa bai raba shi da ƙasar da yake takawa ba.

Akwai wani gefen maganar da ba mu son taɓawa. Rainin sana'a a cikinmu ya girmi boko. Har gobe akwai gidajen da za su hana ɗan mahauci ko ɗan maƙeri aure, komai kirkinsa, alhali naman da ya yanka ake ci a bikin, da wuƙar da ubansa ya ƙera. Boko ya zo ne ya ƙara sabon bene a kan tsohon gini. Mu da muke cika baki da maganar adalci a intanet, in ƙanwarmu ta kawo ɗan baduku mai gaskiya, wani kuma ya zo da babbar mota wadda kowa ya san albashinsa ba zai iya sayenta ba, wanne za mu mara wa baya a gaban iyaye? Amsar da kowa zai ba kansa a ɓoye ita ce ainihin mudunsa. Kuma muddin muna tashi tsaye don gaishe da mai dukiyar da ba a san asalinta ba, muna barin mai gumi a tsaye bakin ƙofa, to kada mu yi mamaki in yaranmu sun zaɓi hanyar farko. Abin da aka ga ana girmamawa shi ake koyo.

To me ya rage mana? Akwai na hukuma, akwai namu. Hukumomin gari da na ƙasa su daina ɗaukar ginin ƙasa a matsayin na wucin gadi. A koyar da shi yadda ya kamata a makarantun sana'a, da tushe mai ƙarfi da rufin da ke kare bango daga ruwa, a ba maginan gida kwangilar azuzuwa a maye gurbin zana. A tabbatar wa manomi, da harshen da yake ji, cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, kuma wanda ya shigo da dare ya sare zai fuskanci hukunci. Jami'o'inmu su tura ɗaliban aikin gona da na gine-gine su zauna da tsofaffin da suka san abin nan, su rubuta, tun suna da rai.

Namu kuwa ba ya jiran kowa. In za ka sayi takalmi ko jaka wurin baduku, ka daina yi masa tayin wulaƙanci, kai da kake biyan jikka goma ba musu a kan na roba da aka shigo da shi. In kana da gonar gado a ƙauye, bazarar bana ka je da kanka lokacin sassabe, ka ce a bar toho. In kana zaune kana jiran aiki, ci gaba da neman, haƙƙinka ne, amma ka ba hannunka wani abu ya koya kafin nan, kuma ka koye shi har ka iya, ba koyon "kafin a samu" ba. Fadarku ta ɗauki itace biyar na unguwa ta raba wa kanta ban ruwa har su wuce bakin akuya. In kuma ƙanenka ya ce maka gini yake so ko garka, kada ka ce masa Allah shi kawo aiki. Ka tambaye shi wa ke koya masa, ka raka shi ka gaishe da maigidan.

Ban ce kuɗi ba komai ba ne. Wanda bai ci ba ba ya jin wa'azi, kuma kowane mai aiki ya cancanci ya ci ya ƙoshi daga guminsa. Abin da nake cewa shi ne, in ana son sanin nauyin mutum, a duba abin da ya fito daga hannunsa: yana da kyau, yana da ƙarko, wa ya amfana da shi, kuma ya cuci wani wajen yin sa ko bai cuta ba? Da wannan mudun, likita mai kula da marasa lafiya tsakani da Allah ya cika, mushen da ke koyarwa a ƙauye ba ya fashi ya cika, mai tuya a bakin tasha da ba ta sa ruɓaɓɓen mai ta cika. Wasu kuma da muke buɗe wa ƙofar mota ba za su kai rabi ba.

Allah shi ba mu aikin da za mu yi alfahari da shi, shi ba mu kuma idon gane masu yin sa.